Ƙarancin bitamin D da barcin masu aikin dare

Mai karatu, in kana aikin dare a Tasawa ko Mayahi, ko kai mai gadi ne, ko ma'aikacin asibiti, ko direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wannan bayani naka ne.

Fatar mutum ce ke haɗa bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi buƙatar lokaci. Saboda haka wanda ke wuni a ɗaki yana ramuwar barci zai iya rasa shi, duk da yawan ranar ƙasarmu. Ƙarancinsa yana jawo ciwon ƙashi da raunin jiki, kuma bincike ya nuna yakan zo tare da barci marar nauyi. Amma babban abin da ke ɓata barcinka shi ne juya dare ya koma rana.

Ka riƙa fita rana kamar minti 20 zuwa 30, hannuwa a buɗe. Hasken da ya ratso gilashi ba ya wannan aiki. Ka ci ƙwai da hanta da kifin sardin. Kada ka sayi ƙwayoyinsa wurin 'yan talla, domin yawansu yana cutar da ƙoda. In ciwon ƙashi ya daɗe, je asibiti.