Kayan Ciki da Sunan da Hausa Ba Ta Raɗa Ba

Turanci na da kalma guda, chitterlings, wadda ba ta nufin komai sai hanjin alade da aka wanke aka dafa. Baƙaƙen fatar Amurka sun gajarta ta ta koma chitlins. A zamanin bauta hanjin nan yana cikin abin da iyayengiji kan bar wa bayi bayan sun kwashe tsoka. Abincin wulaƙanci ya zama abin tinƙaho, har garin Salley na Jihar Karolina ta Kudu yake yi masa biki tun 1966. Wanda ya shiga kasuwar Tudun Wadan Zariya yana neman takwarar wannan kalma a bakin mahauta zai sha yawo a banza, iyakar abin da zai samu shi ne "hanjin alade", wato kwatance. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin talaucin harshe. A ganina kuwa shaida ce cewa harshe yakan raɗa wa abinci suna ne bayan ya shiga tukunyar masu harshen.

A dubi abin da Bahaushe ke ci. Da hantsi, idan nama ya iso daga kwata, mahauci zai baje tumbi da hanji da hanta da huhu da ƙoda da saifa da zuciya a kan tebur, ya yanka ya kasa kashi-kashi, kowane kashi da ɗan kowane abu. Mai saye ya san me yake nema: "Malam, ƙara mini hanta, ka rage huhun nan." Duka kuma suna ƙarƙashin suna guda, kayan ciki. Ranar Babbar Sallah su ake fara ci, tun ragon layya na rataye yana tsanewa. Mata su zauna bakin rariya da buta, a zura wa hanji ruwa ana matsewa har ruwan ya fito fari, a kankare tumbi da ruwan zafi, a cire maɗaciya da dabara, don in ta fashe ta ɓata hantar da ɗaci. Sannan a kitse hanjin kamar gashin budurwa, a soya shi da kitsen ragon, ko a yi farfesu da citta da kanumfari da masoro da daddawa. Mai jego ma da irin wannan farfesun ake mayar mata da ƙarfi. Har cikin magana kayan ciki sun samu wurin zama: aminai kamar hanta da jini suke, wanda ya firgita kuma 'yan hanjinsa ne suka kaɗa.

Shi kuwa alade, ko sunansa baƙo ne. Daga Yarbanci aka aro shi, inda ake ce masa elede. Malamai na cewa alhanzir daga Larabci, mafarauta kuma sun san ɗan'uwansa na daji, gadu, wanda ake yi wa laƙabi da mugun dawa. Dabbar da Alƙur'ani ya haramta namanta a Suratul Baƙara aya ta 173 da Suratul Ma'ida aya ta 3, wadda babu wani Sarkin Pawa da ya taɓa sa wa wuƙa, ina za a samu mai zaman rarrabe sassan cikinta har ya ba kowanne suna? Tsarin garin ma ya taimaka. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya, Turawa sun zaunar da baƙi 'yan Kudu a Sabon Gari, baƙi 'yan Arewa kuma a Tudun Wada, a wajen ganuwar birni. Saboda haka a Tudun Wada kalmar kayan ciki ɗauke take da alkawarin da ba a furtawa: na sa ne ko na rago ko na akuya, kuma yankan Musulmi ne. Ba mai tambaya.

Za a ce ai Hausa ba ta Musulmi kaɗai ba ce, kuma gaskiya ne. Akwai Hausawa Kirista a Wusasa, akwai kuma dubban mutanen kudancin Kaduna da Filato da ke ciniki da wa'azi da Hausa, da yawansu suna kiwon alade suna cin sa. Kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, mai ci ranar Alhamis, tana cikin mafiya girma a Nijeriya, kuma Hausa na cikin harsunan da ake tayi da sallamawa da su a can. Sai dai wannan hujja ƙarfafa maganar take yi. Mai son farfesun aladen, in da Hausa zai yi magana, dole ya ce kayan cikin alade, ya ambaci dabbar ƙarara, don in ya tsaya a kayan ciki kawai, mai sauraro zai kai hankalinsa kan sa ko akuya.

Akwai kuma masu cewa ƙyama ce kawai ta hana raɗa sunan, don hanji mazaunin ƙazanta ne. Wannan ba ta kama ƙasa ba. Hanjin rago ma kashi ke cikinsa, kuma ba uwar gidan da ta taɓa zubar da shi don haka, wanke shi take yi. Warin da ke tashi lokacin gyaran chitlins a Karolina da wanda ke tashi a tsakar gida a Tudun Wada ranar layya ba su da wani nisa. Can ma mata ne ke shafe sa'o'i suna wanki, nan ma haka, sai dai a nan yara na tsaye a kai suna jiran a gasa musu guntun hanta a bakin murhu kafin tukunya ta tafasa.