Ciwon zargi cuta ne, yana da magani

A karkarar Gangara, cikin gundumar Gazawa ta jihar Maradi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan saurayi ya fara ƙin tuwon gidansu yana cewa an sa masa guba, sai a ce sammu ne ko iska. A kai shi wurin boka, a kai shi wurin malam; in ya gagara, a sa masa mari. Alhali sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne da likitoci suka sani, mai suna sikizofireniya, sunan da likita Eugen Bleuler na ƙasar Suwis ya raɗa masa a 1908.

Ga alamominsa. Majinyaci yakan ji muryoyi suna zaginsa ko suna ba shi umurni, ba kowa kusa da shi. Yakan tabbata ana bin sawunsa, ko rediyo da shi yake magana, kuma babu hujjar da za ta raba shi da wannan zato. Yakan bar gona, ya bar wanka, ya ƙaurace wa jama'a. Ciwon ya fi kama matasa, maza kan riga mata. Akwai gado a cikinsa, shan wiwi kuma yana ƙara haɗarinsa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, mutum 1 cikin 300 yana da shi.

Magani ya samu tun 1952, lokacin da likitocin birnin Paris suka gwada Largactil. A 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam. Waɗannan suna kwantar da muryoyi da zargi cikin 'yan makonni. Akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Idan magani ya kawo rawar hannu ko sandarewar wuya, a koma wurin likita ya gyara, kada a daina, domin dainawa ita ke maido da ciwo.

Saboda haka ya kamata iyali su kai majinyaci gidan likita mafi kusa tun da wuri. Daga can a tura shi Maradi, ko Pavillon E na babban asibitin Yamai. Kada a yi gardama da shi, kada a yi masa dariya. Addu'a ba ta hana shan magani, amma mari ba ya warkar da kowa. Sai dai ya tabbatar wa mai zargi cewa zarginsa gaskiya ne.