Gudun Famfalaki a Biranen Wasu: Sababinsa da Abin da Yake Haifarwa

Masu shirya gudun famfalaki na birnin Landan sun ba da sanarwar cewa mutum fiye da miliyan 1 da dubu 100 ne suka nemi a sa sunansu cikin ƙuri'ar shiga tseren shekarar 2026, alhali kuwa waɗanda suka kai ƙarshen na 2025 ba su wuce 56,640 ba. Da lamarin ya tsaya tsakanin Turawa, da ba mu ɓata tawada a kansa ba. Amma iskarsa ta fara kaɗowa har jahar Maradi, domin yanzu ba abin mamaki ba ne mutum ya buɗe WhatsApp ya tarar da hoton wani ma'aikaci na Yamai, ko ɗan wani attajiri da ke karatu waje, yana tsaye a Paris ko Marrakesh ko Istanbul, lamba rataye a wuya, ƴan uwa na ta jero masa barka. Ba su da yawa tukuna, amma su ne waɗanda samari ke kallo su kwaikwaya, kuma abin da suke saye da sunan wasa, a haƙiƙaninsa, haja ce ta biranen da suka iya talla.

Duk wanda ya dubi yadda ake shata hanyar waɗannan tsere zai gane haka ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Na Paris yana tashi daga babban titin Champs-Élysées. Na Istanbul yana ƙetare gadar da ta haɗa Asiya da Turai. Na Legas, wanda aka soma a 2016, yana bi ta kan doguwar gadar nan ta Third Mainland. Ba don sauƙin ƙafar mai gudu aka zaɓi waɗannan wurare ba, sai don idon mai kallo. Baƙo shi zai biya kuɗin rajista, da na jirgi, da na masauki, da na biza, wanda na ƙasashen Schengen kaɗai ya kai yuro 90, wato kusan jaka 59 na sefa, ga kuma ɗawainiyar zuwa wata ƙasa neman ta ga mai nufin Faransa, tun da aka rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Bayan duk wannan ya zubar da zufarsa a kan kilomita 42 da mita 195, ya karɓi lambar da ake ba kowane mai gamawa, sannan ya dawo gida yana yi wa birnin talla kyauta da hotunansa.

Sai dai talla ba ta kama wanda ba shi da buƙata, kuma a nan ne, ga fahimtata, asalin sababin yake. Rayuwar mai hali a Maradi ta sauya cikin ƙarni guda: kakansa bafatake ne da ya taka sayyada har Gwanja neman goro, ko alhajin da ya kai Makka a ƙafa, shi kuwa daga mota sai kujerar shago, ko masallacin unguwa ma a kan babur yake zuwa, har ranar da likita zai auna shi ya ambaci hawan jini ko ciwon sukari, ya umurce shi da motsa jiki. To, a ina zai motsa shi? Magidancin da ya fito da asuba yana sassarfa a kan hanyar Madarunfa, kafin ya wuce runfar mai shayi an tare shi da tambaya, “Alhaji, lafiya? Me ya koro ka?”, yara kuma su biyo bayansa da dariya. A al'adarmu gudu na yaro ne, ko ɓarawo, ko wanda masifa ta afka wa. Dattako kuwa a tafiyar natsuwa yake. Saboda haka abin da ke zubar masa da mutunci a ƙofar gidansa, shi ne a ƙasar waje ake tsayar da motoci dominsa, a yi masa tafi, a kira sunansa a lasifika. Girman da aka hana shi a gida shi yake biyan kuɗin jirgi ya sayo.

Kada a ce al'ada ba ta sauyuwa, domin kokowa ta ishe mu hujja. Wasa ce ta samarin ƙauye bayan kaka, har zuwa 1975, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta mai da ita gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa, Kantu na Maradi, wanda filin kokowar Maradi ke ɗauke da sunansa, ya ɗauki takobi. Tun daga nan aka yi mata lokaci sananne, ana zagayawa da ita jaha jaha, rediyo na watsawa, makaɗa na kirari, attajirai na zuba kyauta, har ya zama yaron da ke Gabi ko Safo ya san cewa ƙarfin damtsensa na iya kai shi gaban shugaban ƙasa. Gudu bai taɓa samun wannan gata ba. Abdou Manzo ya wakilci Nijar a gudun famfalaki na wasannin Olamfik har sau uku, a 1988 da 1992 da 1996. A tambayi masu zama majalisa da dare, waɗanda za su iya lissafo takubban Issaka Issaka ba gargada, ko akwai wanda ya taɓa jin sunan Manzo.

Illar wannan hali iri biyu ce. Ta farko ita ce dukiyar da ke fita ba ta dawowa, alhali abin da mutum guda zai kashe a tafiya ɗaya ya isa a shirya wa makarantun gunduma tsere da kyaututtukansa. Ta biyu ta fi ciwo, ita ce masu zuwa ba su ne masu iyawa ba. Mai ƙafa yana can yana bin garke a gefen dajin Baban Rafi, ko yana kai amfanin gona kasuwar Ɗan Isa, ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo. Mai fasfo kuwa shi ke wakiltarmu a sahun baya. Hatta a Legas, inda kyautar na ɗaya ta kai dala 50,000 a shekarun farko, Abraham Kiptum na Kenya ne ya kwashe ta a 2016 da 2017, kuma galibin ƴan Nijeriyar da ke taɓuka abin kirki ƴan Filato ne, inda aka daɗe ana renon masu gudu. Ban da wannan akwai haɗarin riya, wadda malamai suka ce tana cinye aiki, domin wanda ya yi gudu don lafiyarsa ba ya buƙatar shaidu dubu.

Akwai masu cewa ƙasarmu ba ta gudu ba ce, kuma a ba su haƙƙinsu, ba su rasa madogara ba: garin Iten na Kenya, matattarar zakarun gudu, yana bisa tudun da ya kai mita 2,400, namu kuwa bai kai 500 ba, zafi kuma ba abin wasa ba ne, tun da a Doha a 2019, ko da aka yi tseren mata da tsakar dare, 28 cikin 68 sun kasa gamawa, ga kuma ƴan bindigar da suka addabi ƙauyukan kan iyaka. Amma tudu sharaɗin zama zakaran duniya ne, ba sharaɗin yin tsere ba, kuma hunturun Disamba da Janairu yana sa mu kwana da bargo. Masu ganin lagawu ne ga Musulmi kuwa, su tuna cewa ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma an san sahabi Salama bin Akwa'u da saurin ƙafa. Abin zargi israfi ne da bayyanar da al'aura, kuma dukkansu sun fi sauƙin magani a gida.

Tsakanin Maradi da Madarunfa, zuwa da dawowa, ya kusa tsawon gudun famfalaki, kuma hanya ce da ke ratsa gonakin fadamar Gulbi ta ɓulle bakin tafki, inda masunta ke jefa taru, tsuntsayen ƙetare ke sauka da sanyi, ga kushewun waliyyai casa'in da tara da masu ziyara ke zuwa dominsu. Abin da ake buƙata shi ne magajin gari da sarakuna da hukumar wasanni ta jaha su tsayar da rana guda cikin Janairu, a tashi bayan sallar asuba, a soma da kilomita 10 kafin a kai ga dogon, a ware na mata da suturar da ta dace, jami'an tsaro su tsare hanya, a sa kyautar babur da buhunan gero, a kuma maimaita shekara bayan shekara har mutane su saba. Alhazan da suka ga yadda ake yi a waje su ya fi cancanta su fara sa hannu a aljihu, su kuma fara shiga sahu, domin ranar da aka ga mai furfura da daraja yana sassarfa a bainar jama'a, ranar yara za su daina dariya.