Amana da Ƙidaya a Asusun Mata Masu Dubara

Adashi, wato tsarin da mutane ke zuba kuɗi daidai wa daida a ƙayyadadden lokaci, kowane zagaye mutum ɗaya ya kwashe, ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma amana ce kaɗai jarinsa, domin uwar adashi ce ke karɓar zubi ta miƙa wa mai kwasa, galibi ba takarda ba shaida. Rauninsa kan bayyana a gari irin Ɗan Issa, da ke gundumar Madarunfa a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, inda masu zubin dangi ne ko surukai ko maƙwabta, kunya kuma kan hana mace tambayar yayar mijinta inda kuɗi suka shiga, har sai rigima ta tashi ta ci zumunci.

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ta Nijar, wanda ya ɗora kan adashi amma ya raba amanar tsakanin hannuwa da yawa. Mata kimanin ashirin zuwa talatin kan haɗu kowane mako, su zuba kuɗinsu cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu wadda ba ta riƙe da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban taro, inda ake ƙidaya kuɗin da babbar murya, abin da ya sa wadda ba ta yi boko ba ma ta san abin da ke ciki, da wadda ta ci bashi daga asusun, da ranar biyanta. Wadda ta makara kan biya tara, ko da ita ce shugaba.

Hikimar tsarin ita ce bincike ya zama aikin doka, babu wadda za a ce ta zargi 'yar'uwarta, tausayi kuma an ware masa gurbinsa, wato ƙaramin asusun taimako na ciwo ko rasuwa, don kada a taɓa uwar kuɗi da sunan jinƙai. Sauran matsala ita ce ribar da ake ɗorawa kan bashi, wadda wasu malamai ke ƙyama. Duk da haka, tsarin ya fita daga Nijar ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.