Chamonix: Garin Da Ke Sayar Wa Iyalai Sanyi

Kowane ɗan kasuwa ya san hajarsa na da lokacinta. Mai sayar da bargo da rigunan sanyi yakan jira hunturu, mai raguna kuma yakan jira babbar Sallah. To, a ƙasar Faransa akwai wani gari da babbar hajarsa ita ce sanyin kansa, kuma idan ya makara ko ya yi ƙaranci sai kasuwa ta kwanta. Sunan garin Chamonix, ana furta shi Shamoni, yana cikin tsaunukan Alps a yankin Haute-Savoie, daf da iyakar Faransa da Italiya da Suwizalan.

Garin na cikin wani kwari mai tsayin kusan mita 1,035 daga gaɓar teku, a gindin dutsen Mont Blanc wanda ya haura mita 4,800, kuma shi ne mafi tsawo a tsaunukan Alps baki ɗaya. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu goma ba, amma daga watan Disamba zuwa Afrilu baƙi kan ninka su sau da yawa. A nan ne aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a duniya a shekarar 1924. Kamar sauran garuruwan kan iyaka, hanya ma na ciyar da shi, domin tun 1965 aka buɗe ramin mota mai tsawon kilomita 11.6 da ya ratsa ƙarƙashin dutsen ya ɓulla Italiya.

Ga iyalan Faransa, watan Fabrairu ne tsakiyar wannan kasuwa. Makarantu kan ba da hutun mako biyu, sai dai hukuma ta kasa ƙasar gida uku, wato shiyyar A da B da C, kowace da ranar da take fara nata hutun. Dabarar ita ce kada kowa ya taso rana ɗaya hanyoyi su cushe, sannan masu masauki su samu kusan wata guda cur suna ciniki. Akasarin gidajen haya daga Asabar zuwa Asabar ake kama su, saboda haka Asabar a can tamkar ranar kasuwa ce: waɗansu na ɗaure kaya su tafi da safe, waɗansu na sauke nasu da yamma, a tsakani kuma masu shara da wanki ba su da lokacin ko shan ruwa.

Da iyali sun sauka, wurin farko da suke nufa shi ne shagon hayar kayan zamiya. A nan ake auna ƙafar kowa a ba shi takalmi mai tauri, da dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, da sanduna biyu, da hular kwano musamman ga yara. Kaɗan ne ke sayen nasu, domin ƙafar yaro ba ta tsayawa wuri ɗaya, takalmin bana ba zai shige shi baɗi ba. Daga nan sai sayen katin hawa, wanda da shi ne ake shiga kujeru da akwatunan da igiyar ƙarfe ke ja zuwa saman tsauni. A hunturun 2024 zuwa 2025 katin yini ɗaya na babban mutum ya haura yuro 60, wato kusan jika 40 na sefa, tun da yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Mai karatu sai ya lissafa wa kansa na miji da mata da yara uku na kwana shida, ban da masauki da abinci.

Yara ƙanana ba a sakinsu haka nan. Akwai makarantar koyon zamiya ta Faransa da ake kira ESF, wadda aka kafa a 1945, kuma ana gane malamanta da jajayen riguna. Tun daga shekara uku suke karɓar yaro, su sa shi cikin wani ɗan fili mai shinge inda gangaren ba shi da ƙarfi, su koya masa tafiya da tsayawa da yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. A ƙarshen mako akan yi musu gwaji, wanda ya ci a ba shi lambar yabo da yake maƙalawa a riga, daga ta ƙanana har zuwa tauraro na ɗaya da na biyu da na uku. Wannan lamba ma dabarar ciniki ce, domin yaron da ya samu tauraro ɗaya bana ba zai bar iyayensa su huta ba sai sun dawo da shi baɗi.

Su ma hanyoyin zamiyar an bambanta su da launi. Kore na masu koyo ne, shuɗi na wanda ya ɗan iya, ja na gwanaye, baƙi kuwa sai wanda ya ƙware sosai. Amma ba kowa ne ke zuwa don zamiya ba. Kaka da jikoki kan hau ɗan keken katako ko na roba marar taya su gangaro daga tudu, waɗansu su ɗaura faffaɗan takalmi da ke hana nutsewa su shiga daji yawo, waɗansu kuma su shiga keken da karnuka ke ja. Akwai kuma filin daskararren ruwa da ake yawo a kansa da takalmi mai kaifin ƙarfe. Wanda bai da ko sisi ma yana iya dunƙula dusar ƙanƙara ya gina mutum-mutumi da yaransa.

Wurare biyu ne kusan kowane baƙo ke son gani. Na farko shi ne ƙololuwar Aiguille du Midi mai tsayin mita 3,842, inda akwatin igiya da aka buɗe a 1955 ke kai mutum cikin minti ashirin ko makamancin haka. Iskar can sama ba ta da kauri, mutum kan ji numfashinsa na sarƙewa in ya yi sauri, shi ya sa ba a yarda a hau da yaron da bai kai shekara uku ba. Na biyu shi ne ɗan jan jirgin ƙasa na Montenvers, wanda ke hawa dutse tun 1909 zuwa tsayin mita 1,913, inda ake hango Mer de Glace, wato Tekun Ƙanƙara, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa. A jikinsa ake haƙa kogo kowace shekara domin baƙi su shiga su ga cikinsa.

Da dare iyali kan taru a kan abincin yankin, wanda galibinsa cuku ne da dankalin turawa. Musulmin da ya je sai ya yi tambaya kafin ya ci, domin tartiflette da naman alade ake yin ta, fondue kuwa akan narka cukunta da giya. Tsaunin ma ba wurin wasa ba ne. A Fabrairun 1999 dusar ƙanƙara ta zabtaro kan ƙauyen Montroc da ke cikin wannan kwari ta hallaka mutum 12. Kowace rana hukuma na sanar da girman haɗarin zabtarewa daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma mai iyali ba ya fita daga hanyoyin da aka shata.

Sai dai babbar damuwar mutanen Chamonix a yau ita ce hajar tasu tana raguwa. Masana sun auna cewa zafin tsaunukan Alps ya ƙaru da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, wato ya fi yadda na duniya baki ɗaya ya ƙaru. Tekun Ƙanƙara shi ne shaidar da ido ke gani. Shekara bayan shekara ƙanƙarar na narkewa tana yin ƙasa, ana ta ƙara matakala domin a iske ta, har sai da baƙo ya riƙa sauka matakala fiye da 500 kafin ya kai bakin kogon, sannan ya sake hawo su. A 2024 aka buɗe sabon akwatin igiya a can gaba inda ƙanƙarar ta fi kauri. A maƙwabciya Suwizalan kuwa, kogunan ƙanƙara sun rasa kashi 10 cikin ɗari na girmansu a shekarun 2022 da 2023 kaɗai.

Don cike giɓi, wuraren zamiya da yawa sun kafa injunan da ke fesa ruwa da iska mai ƙarfi cikin sanyin dare, ruwan ya daskare ya zubo kamar dusar ƙanƙara. Amma injin na cin ruwa da wutar lantarki, kuma ba ya aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Kuɗin da aka kashe a kansa kuwa cikin katin hawa ake fanshe shi, wato daga aljihun uban yara. Chamonix na da sa'a domin yawancin gangarenta na can sama inda sanyi ke daɗewa, amma ƙananan wuraren da ke ƙasa-ƙasa su ne ke ji a jikinsu. Alal misali, a 2023 aka rufe wurin zamiya na La Sambuy da ke kusa da Annecy saboda ƙarancin dusar ƙanƙara da asarar kuɗi. A Fabrairun 2024 kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnatin Faransa ta fitar da rahoto tana gargaɗin cewa tsarin dogaro da zamiya kaɗai ya fara gajiya.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Shi ya sa masu masauki da shaguna a Chamonix suka ƙara ba da ƙarfi ga lokacin zafi, inda baƙi ke zuwa hawan dutse da yawo da ƙafa da tseren gudu a tsaunuka. Wannan ma ba sabon abu ba ne gare su, domin ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora a dutse ta garin tun 1821 take aiki, kafin a san zamiya a kwarin. Shagon da ke ba da hayar allunan zamiya a Fabrairu, shi ne ke ba da hayar keke a Yuli.