Tsoron Likitan Haƙori Daga Gida Yake Farawa

A gidajenmu da dama, idan yaro ya ƙi aike ko ya ƙi cin abinci, sai ka ji an ce masa, "Bari in kai ka asibiti a yi maka allura." Da irin wannan barazana muke cusa wa yara tsoron duk wani mai farar riga. Ranar da haƙori ya yi kogo, kumatu ya kumbura, sai mu ja yaron zuwa wurin mutumin da muka daɗe muna mayar masa dodo, sa'annan mu yi mamakin kururuwarsa.

Tsoron nan yana da dalili. Yawancinmu ba ma neman likitan haƙori sai ciwo ya hana barci, saboda haka haɗuwar yaro ta farko da shi takan faɗo ranar cire haƙori. Ga kujera mai kwantawa da mutum, ga fitila a tsakiyar ido, ga ƙugin injin, ga baƙuwar fuska a rufe da takunkumi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Shi ya sa ake samun magidanci da furfura yana fama da ciwon haƙori amma ya gwammace ya danna kanumfari a kogon.

Na sha jin iyaye suna cewa haƙoran yarinta ai zubewa za su yi. Haƙoran nan 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata 6, famfara ta soma wajen shekara 6, na ƙarshensu kuwa sai kusan shekara 12 suke faɗuwa. Da su yaro ke tauna, da su yake koyon furuci, su ne kuma ke riƙe wa na dindindin gurbi. A shekara 6 ɗin nan ne turmin farko na dindindin ke fitowa can ƙurya ba tare da wani ya faɗi ba, sai a ɗauka na yarinta ne a bar shi ya ruɓe.

Shawarar likitoci ita ce a kai yaro kafin ya wuce shekara ɗaya, tun babu ciwo, domin ya saba da wurin. A gida, uwa ta riƙa ƙirga masa haƙora cikin wasa, shi ma ya ƙirga nata. A zaɓi safiya, bayan ya yi barci ya ƙoshi. Kada a rantse masa cewa ba zai ji komai ba, domin idan ya ji, ya daina yarda ke nan. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Likitocin yara suna da hanya mai matakai uku: su faɗa wa yaro abin da za su yi, su gwada masa a kan yatsa, sa'annan su yi. Ana iya yarjejeniya da shi cewa idan ya ɗaga hannu za a dakata. Iyaye kuma su natsu, su bar labarin azabar da suka sha, domin a fuskarsu yaro ke karanta haɗari. Idan an gama a yaba masa, amma tukuicin kada ya zama alewa.

A yankinmu batun ya wuce kogon haƙori. Cutar noma, wadda ake jinyarta a asibitin yara na musamman da ke Sakkwato, daga kumburin dasashi take farawa, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan an gano ta da wuri magani yana tsayar da ita, kuma yaron da ya saba buɗe baki a duba shi ne za a gano tasa da wuri.

Ina roƙon iyaye mu cire sunan likita daga cikin abin tsoratar da yara. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.