Tausar Bowen: daga ina ta samo asali, kuma me bincike ya ce a kanta?

Idan aka ce tausa, abin da zai fara zo maka a rai shi ne a danna, a matsa, har sai ka ce wash. To, akwai wata da ba haka take ba. Mai yin ta zai ɗora yatsa a gefen tsoka ko jijiya, ya ɗan ja fata, ya murza a hankali ya tsallake tsokar, sannan ya cire hannu ya bar ka kamar minti biyu kafin ya ci gaba. Sunanta tausar Bowen.

Ta samo sunan ne daga Tom Bowen, ɗan ƙasar Ostareliya, wanda aka haifa a 1916 ya rasu a 1982. Bai yi karatun likitanci ba. Ma'aikaci ne a kamfanin siminti a garin Geelong, sai bayan an tashi daga aiki yake duba masu ciwon baya da na wuya. Da mutane suka yi yawa ya ajiye aikin ya rungumi tausa. Wani bincike na gwamnatin jiharsa a 1975 ya ruwaito cewa yana ganin mutum kusan 13,000 a shekara, wato wajen 250 duk mako.

Amma ga inda gizo ke saƙar: Bowen bai rubuta hanyarsa ba. Abin da ake koyarwa yau fahimtar waɗanda suka tsaya suka kalle shi yana aiki ce. Ɗaya daga cikinsu, Oswald Rentsch, shi ya tsara ta darasi-darasi ya yaɗa ta a duniya bayan rasuwar Bowen. Shi ya sa za ka tarar makarantun sun sha bamban, kowacce na cewa tata ce ta asali.

Masu yin ta suna cewa murzar tana aiki ne a kan farin tantanin da ya lulluɓe tsoka, irin wanda kake gani idan ana feɗe rago, wai tana sa jiki ya gyara kansa. Wannan hasashe ne. A 2015 gwamnatin Ostareliya ta tantance hanyoyin magani na daban guda 17, har da Bowen, ba ta sami gamsasshiyar hujjar cewa tana magani ba. Daga 2019 aka cire ta daga abubuwan da inshorar lafiya ke biya da tallafin gwamnati.

To ina mutum 13,000 ɗin nan? Ka san ciwon baya yakan lafa da kansa cikin makonni, kuma a kwantar da kai a saurare ka ma kaɗai yana kawo sauƙi. Tururuwar jama'a ba ta bambance wannan da aikin tausar. Sai an kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba.

Idan ka ji daɗinta, madalla. Amma ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, asibiti za ka nufa tun da wuri.